Wa ya kamata ya riƙa fitar da sabuwar siga?

Dan_Kod: Salam 'yan uwa, a buɗaɗɗiyar manhajarmu mutum ɗaya ke fitar da sabuwar siga, ranar da ya yi tafiya komai ya tsaya cak don makullin sa hannu, wanda ke tabbatar da sahihancin siga, yana cikin kwamfutarsa. Wai ya manyan ayyuka ke zaɓen mai wannan aikin?

Yar_Linux: A Apache, gidauniyar buɗaɗɗun manhajoji, duk mai izinin shigar da kod (rubutun manhaja) zai iya ɗaukar aikin, amma sigar ba ta fita sai mutum 3 na kwamitin aikin sun ba da +1, wato amincewa, ƙuri'a kuma a barta awa 72.

Baban_Sabar: Python kuwa, harshen rubuta manhaja, mutum ɗaya ke riƙe siga biyu a jere, Pablo Galindo ya riƙe 3.10 da 3.11, kowacce siga ana kula da ita shekara 5, ba wasa fa malam.

Yar_Linux: Ku kwaikwayi Kubernetes kawai, manhajar nan ta sarrafa sabar, sabon shiga ya bi bayan gwani tukunna.