Tambaya kan Don Baker, mai busa harmonika

Ɗan Birni: Assalamu alaikum. Jiya da dare muka kalli fim ɗin In the Name of the Father, sai yayana ya ce wanda ya fito a matsayin Joe McAndrew ainihinsa makaɗi ne. Shin gaskiya ne?

Malamin Zango: Wa alaikumus salam. Yayanka bai yi kuskure ba. Sunansa Don Baker, an haife shi a Dublin ta ƙasar Ailan a 1950, kuma tun yana yaro, lokacin da tarin fuka ya kwantar da shi a asibiti, ya fara busa harmonika, har ya shahara a kiɗan blues, wani salon kiɗa na baƙar fatar Amurka. Fim ɗin kuwa na 1993 ne.

Hajiyar Sabon Gari: Malam, mece ce harmonika? Ko irin algaitar fadar Sarkin Damagaram ce?

Malamin Zango: A'a, Hajiya, wannan ba ta wuce tafin hannu ba. Wadda aka fi sani tana da ramuka goma a jere, kuma tana ba da sauti ko an hura iska ko an zuƙe ta, saɓanin algaita da ake hurawa kawai. Galibi a wajen zuƙar ne gwani yake lanƙwasa sautin har ya yi kama da kukan mutum.