Masu ajiya a kwantena: wa ya taɓa ɗaura fankar zuƙe iska, kuma me ya gani?

Ɗan Singa: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da kwantena mai ƙafa 20 a bayan shago, nan nake zuba katan-katan na madara, taliya, sabulu da alawa. Tun da bazara ta kankama, in ka buɗe ƙofa da azahar sai ka ja baya tukuna hucin ya wuce. Sabulu ya fara laushi, alawa ta manne da ledarta. Mai walda ya ce in sayo fanka ya huda bango ya ɗaura. Kafin in bari a sa wa kwantenar giranda, ina son jin ta bakin waɗanda suka riga suka yi. Me idonku ya gani?

Mai Yadi: Wa alaikumus salam Alhaji. Tana aiki, amma da sharaɗi. Maƙwabcina a Kwari ya ɗaura babbar fanka a ƙuryar kwantenarsa, ya bar ko'ina a toshe. Fanka na ta gunji, zafi na nan daram. Da muka rufe ƙofa muka kara takarda a bakin fankar daga waje, da ƙyar take motsi. Iskar da za ta fitar ta ina wata za ta shigo ta maye gurbinta? Sai da aka buɗe taga biyu daga ƙasa, kusa da ƙofa, sannan ka ji iska na ratsa dilolin. Mashiga a ƙasa ta wannan gefe, mafita a sama ta can ƙurya. Ni haka na yi wa tawa tun farko.

Injiniya: Mai Yadi ya gama magana. Mutane na ruɗuwa da 'yan ƙananan hudojin nan masu murfin roba da ke can sama a jikin bango, su ɗauka tagogi ne. An yi su ne don iskar ciki da ta waje su daidaita a kan teku, ba za su ciyar da fanka ba. Ga lissafi mai sauƙi. Cikin mai ƙafa 20 kusan kubik mita 33 ne, mai ƙafa 40 kusan 67. A jikin kwalin fanka ana rubuta yawan iskar da take ja a awa ɗaya. In an rubuta kubik mita 300, to a ƙaramar kwantena za ta sauya iskar ciki wajen sau tara a awa, in mashigar ta wadata. Kada faɗin mashigar ya gaza na bakin fankar, gara ma ya fi, don ragar da za a sa tana cinye wani abu. Sannan a bar hanya tsakanin kaya da rufi. Na sha shiga kwantenar da aka jibga katan har ya toshe fankar kanta.

Maman Kemis: Ni fa zan ɗan rage muku zumuɗi. Fanka ba ta sanyaya komai. Iyakarta ta mayar da ciki kamar waje, kuma wajen Kano a watan Afrilu yakan haura digiri 40. Yawancin magungunan da nake sayarwa an rubuta a jikinsu a ajiye ƙasa da digiri 30. Don haka magani na kwashe shi gaba ɗaya na mayar ɗakin bulo mai na'urar sanyi, kwantena na bar wa auduga, bandeji da ledoji. Abin da ya fi rage min zafin ma ba fankar ba ce. Rumfa ce aka kafa ta kwano a samanta, da tazarar kamar kamu biyu tsakaninta da rufin don iska ta wuce, aka kuma shafe jikinta da farin fenti. Da can shuɗi ne mai duhu, in ka dafa bangon da rana sai ka janye hannu ba shiri. Ɗan Singa, madarar nan taka ma ka duba abin da aka rubuta a gwangwaninta.

Ɗan Dawanau: Hajiya ta faɗi gaskiya, amma duk zafi kuke ta magana. Mu 'yan hatsi abin da ke karya mu danshi ne. Wanda bai taɓa buɗe kwantena da asuba a watan Agusta ya ɗaga kai ba, ba zai gane ba. Rufin nan za ka gan shi jere da ɗigon ruwa, layi-layi a bin kwarin ƙarfen, yana ɗiga kan buhunan sama. Yaron shagona rantsuwa yake yi yoyo take, muka hau muka duba, ko hudar allura babu. Gumi ne. Da rana zafi ya fitar da danshin da ke cikin masara da katakon daɓe, da dare ƙarfe ya huce, danshin ya taru a jikinsa ya dawo ruwa. Buhunan sama da na jikin bango su ke fara yin fumfuna, ka ji wari na tashi.

To a nan fanka na taimakawa, amma ba kowane lokaci ba. Wani abokin kasuwancinmu ya bar tasa tana juyi dare da rana duk damina, sai ga waken da ya shigo a bushe ƙayau ya yi sanyi, domin iskar daren damina ruwa ce, ita ya yi ta jawo wa kayansa. Ni da damina sai rana ta take nake kunnawa, in kashe kafin magariba, ranar da aka wuni ruwa kuma ba na taɓa ta. Kuma duk dabararka, in masara ba ta bushe ba kada ka rufe ta a ƙarfe. Masu gwaji suna cewa danshinta ya sauko wajen kashi 13 cikin ɗari, gyaɗa kuwa ƙasa da haka sosai. Buhu a kan katako, kada ya taɓa daɓe, kada ya jingina da bango.

Injiniya: Alhaji na Dawanau, ƙara musu da batun ƙwayar maganin ƙwari.

Ɗan Dawanau: Af, wannan ma shi ne babba. Wanda ke sa ƙwayar nan ta hatsi, Phostoxin da ire-irenta, ya sani hayaƙinta na kashe mutum. Da tagogi a buɗe maganin ba zai ci ƙwarin ba, zai tsiyaye waje, fankar kuma ta hura shi kan duk wanda ke zaune a gindinta. Kwantenar da ke manne da shago ko ɗakin da masu gadi ke kwana ba wurin wannan magani ba ce sam. Wake dai ni na koma buhun PICS mai leda biyu a ciki, na huta.

Na Apapa: Ku bambance ta ajiya da ta tafiya. Mu da ke loda riɗi, zoɓo da citta zuwa waje ba mai huda kwantena, ta kamfanin jirgi ce, kuma ana duba lafiyarta. Takarda mai kauri muke shimfiɗa wa bango da saman kaya, mu rataya jakunkunan nan masu shan danshi a ƙugiyoyin ciki. Kaya ya taso daga busasshiyar Arewa ya zo ya zauna layi a danshin Legas, nan ake samun matsala. Wanda kuma ke tunanin wata rana zai sayar da tasa ga masu lodi, ya sani da zarar an yanka bango ta tashi daga wannan sahu, sai dai shago.

Bamaraɗe: Mu nan Maraɗi kuran, wato wutar lantarki, ba shi da tabbas, sai na sa ƙaramar fanka mai bolt 12 da faranti guda na sola, ba batir. Rana ta fito ta tashi, rana ta faɗi ta tsaya, daidai lokacin da ake bukatarta. Damuwata hunturu. Ƙura takan bi mashigar ta lulluɓe kaya jawur, sai na ɗaura yankin soso a bayan ragar, ina kakkaɓe shi duk ranar kasuwa. Da sanyi ma sau da yawa cire wayar nake yi.

Ɗan Singa: Allah Ya saka da alheri. To ita mai juyawa da kanta da ake kafawa a kan rufi fa? Na ga ba ta cin wuta.

Usta Mai Walda: Alhaji, tana ja in akwai iska, amma ni ba na son huda rufin kwantena. Ƙarfen sama sirara ne, ruwa na kwanciya a kai, duk gam ɗin da ka shafa damina biyu ta isa ta nuna maka. In ka nace, a yi mata wuya a walde shi zagaye. Bango ya fi, can sama dab da rufi. In na yanka nakan yi wa ramin firam na ƙarfe, don bangon nan mai lanƙwasa shi ke riƙe da ƙarfin kwantenar, in sa hula daga waje ta kare feshin ruwa, raga mai ƙananan ido saboda ɓera da ƙadangare, sai sanduna biyu saboda masu dogon hannu. Bakin yankan a shafa jan fenti nan take, in ba haka ba tsatsa ta nan za ta fara. Kuma ranar aiki a fitar da kaya kaf. Daɓen katako ne, katan ɗinka takarda ne, tartsatsin giranda kuwa har ƙurya yake kaiwa. Mashigar a sa ta gefen da ya fi samun inuwa, in akwai janareta a kusa a kauce masa.

Mai Yadi: Usta, ka manta ɗora ta a kan bulo.

Usta Mai Walda: Haka ne. Kusurwa huɗun nan su za a ɗora, a ɗaga ta kamar bulo ɗaya ko biyu iska ta riƙa bi ta ƙasa, a kuma auna ta zauna daidai, in ta karkace ƙofa za ta ƙi rufuwa. Alhaji ka fara da rumfar da fentin, ka rataya ma'aunin zafi a ciki ka ga inda ya tsaya, sannan mu san girman fankar da za ka saya.