Wai dokar hana bindiga tana rage kashe-kashe kuwa?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan isha'i muna shan shayi a majalisa gardama ta kaure har aka kusa ɓatawa, daga maganar Amurka aka fara, yadda kullum suke cewa za su tsaurara dokar bindiga amma shiru, sai magana ta dawo gida Kamaru. Wani kawuna mai shanu a wajen Tuboro ya ce shi duk wanda ya kawo dokar da za ta ƙara hana talaka bindiga to abokin zargina ne, don su masu satar mutane ba sa zuwa neman takarda. Ni kuma na ce in kowa ya riƙe ai mun shiga uku. To don Allah ina gaskiya take?

Malam na Marwa:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa doka tana aiki, amma a inda gwamnati ta san bindigogin da ke ƙasarta. Dubi Ostareliya, a 1996 mutum ɗaya ya harbe mutum 35 a Port Arthur, gwamnati ta hana manyan bindigogi ta saye wajen 650,000 daga hannun mutane ta lalata. Haka New Zealand bayan an kashe musulmi 51 a masallatan Christchurch a 2019, wata ɗaya bai cika ba suka yi doka. Amma fa ka lura su biyun nan teku ne ya zagaye su. Mu kuwa ga Najeriya ga Chadi ga Afirka ta Tsakiya, mutum ya ɗauro kalash, wato AK-47, a mashin ya bi hanyar daji ko jandarma ɗaya ba zai gani ba. Tun da Gaddafi ya faɗi a 2011 makamai suka watsu a Sahel, ba a kanti aka saye su ba.

Hajiya Kuseri:
Malam ka yi magana amma ni ku bar ni da Ostareliya, ni na ga abin da ido na. Disamba 2021 rikicin Logone-Birni tsakanin Larabawan Shuwa da Musgum, a kan ruwa aka fara fa, ruwan shanu da na kamun kifi, kafin ka ce me wuta ta iso har cikin Kuseri, muka kwashi yara muka tsallaka Njamena da kayan jikinmu kawai. Wannan da akasari kibiya ne da adda da 'yan bindigogi kaɗan. To in da kowane gida da bindiga a ƙarƙashin katifa wa zai rage ya ba da labari?? Kawunka ina tausaya masa wallahi, amma bindigar da ya saya don ɓarawo ita ɗansa zai ɗauka ranar da shanu suka shiga gonar wani.

Bahaushen Ngaundere:
Hajiya Allah ya kiyaye gaba. Amma ku mutanen gari kuna da saukin magana. Doka ai muna da ita, ta Disamba 2016, sai da izini ake riƙe bindiga, kuma a 2018 ministan cikin gida Atanga Nji ya hana sayar da bindiga da harsashi a jihohi shida har da Adamawa tamu. To satar mutane ta tsaya? Maharbi mai bindigar farauta shi ya rasa harsashi. Maƙwabcinmu a ruga an ɗauke masa yara biyu, sai da ya sayar da rabin garkensa ya biya, yanzu yana gari yana gadi, mutumin da da can shi ke ba da zakkar shanu. In za a karɓe bindiga a fara kawo tsaro tukuna, ba a ƙwace sanda a hannun makaho a ce masa ga hanya nan.

Malam na Marwa:
Hakane, amma ka tuna a Zamfara gwamna Matawalle a 2022 ya fito ya ce mutane su nemi bindiga su kare kansu, to 'yan bindiga sun ƙare a can? Ni abin da na fi yarda da shi irin na 'yan banga a Kolofata da Amcide, garuruwanmu na kan iyaka da Najeriya, an san sunan kowa, lawan da lamido sun san su, suna aiki da soja. Rajista ke nan ba hani ba.

Ɗan Garwa:
Na gode. Na karanta wa kawu ta waya, ya ce a tambayi Malam in ya yi rajistar wa zai zo rugarsa ƙarfe biyun dare, don daga wajensa zuwa inda ake samun layin waya ma tafiyar awa guda ce a mashin.