Dan Allah me za mu kira "slot" na saukar jirgi da Hausa?

Yar Gidan Rediyo:
Salam jama'a, a taimaka min da gaggawa. Karfe 4 zan shiga daukar shirin kasuwanci kuma har yanzu kalma daya ta tsaya min a wuya. Rahoton akan abin da Turawa ke cewa slot ne, wato lokacin da ake ware wa kamfanin jirgi ya sauka ko ya tashi a filin da ya cika makil irin Heathrow na Landan, kuma tambayar ita ce kamfanin da bashi ya yi wa katutu ya sayar da nasa ne ko ya rike. Ba karamin kudi bane fa, a 2016 Oman Air ta biya dala miliyan 75 akan guda biyu kacal, na sauka daya na tashi daya. Na rubuta "lokacin sauka" sai na karanta a fili "ya sayar da lokacin saukarsa" naji abin banbarakwai, edita ma ya ja masa layi da jan biro bai ce min komai ba ya tafi sallah.

Ejan Din Tikiti:
Gurbi. Gurbin sauka. Kamar gurbin karatu ko gurbin aiki, kowa ya sani. Je ki dauki shirinki kanwata.

Dan Kamasho:
layi ne wannan ai. mu a tasha mota bata lodi sai layinta yazo, in direba bai fito ba a tsallake shi, wani ma yakan bar wa dan uwansa layin a bashi na shayi. meye bambancinsa da na jirgi banda su dala suke kirgawa

Uwar Biyu:
Ni kam kujera ce ta fado min, yadda ake cewa Saudiyya ta ba Najeriya kujeru 95,000 na aikin Hajji a 2024.

Yar Gidan Rediyo:
Anti kujera tayi kyau amma a maganar jirgi in nace kamfani ya sayar da kujerunsa mai sauraro zai dauka tikiti ake nufi.

Tsohon Ticha:
Ku yi a hankali. Gurbi wuri ne. Inda kaza take yin ƙwai gurbi ne, inda ƙwayar ido take zaune gurbi ne, shi ya sa ake cewa gurbin ido ba ido ba ne. Abin da yarinyar nan take tambaya kuwa ba wuri ba ne, lokaci ne haɗe da izini. In kun ce gurbi, mutumin ƙauye zai zaci wani fili aka shata wa jirgin yake kwana a ciki. Layi kuma aro ne daga Turanci, ba zan ma tsaya a kansa ba. Shawarata a ƙirƙiri sabuwa: SAUKATASHI. Tunda bibbiyu ake cinikinsu, kalmar ta ɗauke duka biyun. Jam'i saukatasai. Hausa ta saba da irin wannan gini, dubi faɗi-tashi, dubi shige-da-fice.

Ejan Din Tikiti:
Allah gafarta Malam, gurbin karatu a jami'a rami ne da dalibi yake kwanciya a ciki? Ai kalmar ta dade da barin akurkin kaji. Kuma saukatasai wallahi kamar sunan maganin basir.

Tsohon Ticha:
Dariya ba hujja ba ce.

Ejan Din Tikiti:
To ga hujja. Ni shekara da shekaru ina yankan tikiti, abin nan yadda yake shine Heathrow titin jirgi biyu ne kawai gare shi kuma an kayyade masa sauka da tashi 480,000 a shekara, kusan duk an cike, British Airways kadai ta rike wajen rabi. Ba gwamnati ke rabawa ba kuma ba masu filin ba, wani kamfani ne mai zaman kansa ACL. Doka tace in kayi amfani da kashi 80 cikin 100 na abin da aka baka a wannan kakar to naka ne a irin kakar badi, in ka gaza a karbe a ba wani. Shi yasa lokacin korona kamfanin jirgin Lufthansa na Jamus ta fito tace zata yi tashi 18,000 da bata bukata don kawai kar a kwace mata. Abin da ake cikewa, ake rasawa, wani ya maye, in ba gurbi ba menene? Har "maye gurbi" muna da shi a shirye.

Dan Kamasho:
to ai rumfar kasuwa kenan, kasar ta hukuma ce amma kai ke saidawa ko ka bada haya, in ka barta a rufe a kwace

Yar Gidan Rediyo:
Wannan misalin na rumfa zan sace shi, nagode Yaya.

Na Damagaram:
Mu nan Nijar créneau muke ji a labaran Faransanci kuma ba wanda ya mutu. Ku ce silot kawai ku huta, bayan wata uku kowa ya saba. Mun ce lakwal mun ce mushe, kun ce makaranta kun ce ticha, duka Hausa ce.

Tsohon Ticha:
Wannan ita ce cutar da take cinmu. Duk abin da Bature ya furta sai mu lanƙwasa shi mu ce ya zama Hausa, kamar harshen namu gurgu ne. Larabawa suna da majalisun harshe a Alƙahira da Dimashƙa suna zama su ƙera kalma, mu kuwa sai wanda ya riga kai bakinsa makirfo. Kuma ku duba yadda kuke rubutu, ba ƙa ba ɗa, kuna rubuta kasa ban san ƙasa kuke nufi ko kasawa ba, sannan ku ne za ku yanke wa miliyoyin masu sauraro kalma.

Na Damagaram:
Baba da girmanka, sunanka a nan Ticha ne fa, kuma yanzu ka rubuta makirfo.

Uwar Biyu:
Hhhhh Na Damagaram ka ji tsoron Allah.

Tsohon Ticha:
Waɗannan sun riga sun shiga tun kafin a haife ka. Ina maganar ƙofar da za a rufe yau ne. Kuma Hausar da ake koyarwa a makaranta ba a Damagaram aka daidaita ta ba.

Na Damagaram:
To fa, an zo wurin. Kullum in hujja ta kare sai a dauko Kano. Kanawa ne za su koya muna Hausa? Ku je Gobir ku ji yadda ake ta.

Uwar Biyu:
Ku dai bar yarinya ta samu kalmarta. Ni da za a bi tawa ma kwana za a ce, irin na gidan mai mata biyu, yau kwanan wance gobe na wance, kuma wata takan bar wa kishiyarta nata in an daidaita.

Yar Gidan Rediyo:
Anti so kike a kore ni daga aiki. Jama'a 3 saura kwata fa.

Ejan Din Tikiti:
Rubuta gurbi ki wuce. Amma dan Allah a cikin rahoton kar ki tsaya a kudin kawai, ki nuna musu abin da ke biyo bayan sayarwa. Jet Airways ta Indiya a 2013 ta sayar wa kamfanin jirgin Etihad na Abu Dhabi nata na Heathrow guda uku masu zuwa da komawa akan dala miliyan 70 sannan ta dawo tana hayarsu daga hannun wanda ta sayar wa, 2019 kamfanin ya durkushe. SAS, kamfanin jirgin kasashen Scandinavia, ma ta sha sayarwa. Ni a ganina kamar gonar gado ce a bakin titi, ka ba da haya ko jingina amma kar ka sayar, don ranar da ka farfado kudin da ka karba ba zai sake saya maka ita ba, musamman na sassafe wanda jiragen da suka kwana a sama suke sauka, su suka fi tsada. Mu da bamu da shi ai mun gani, Air Peace da ta fara zuwa Landan daga Legas a karshen Maris 2024 wani filin jirgin Landan mai suna Gatwick ta sauka, ba Heathrow ba, sai da ministan sufurin jiragen sama na Najeriya Keyamo ya rubuta wa Ingila takarda yana barazanar hana British Airways da Virgin sauka Legas da Abuja in ba a ba Air Peace Heathrow ba, suka ce masa ba gwamnati ke rabo ba, sai Oktoban 2025 aka fara Abuja zuwa Heathrow.

Dan Kamasho:
oga mai abu a hannu ne ke wannan lissafin. in baka da kudin mai da albashin matuka kuma doka tace dole ka tashi ko a kwace, gara ka saida da darajarsa kafin a karba kyauta. na ga direban da ya rike layi motar na kan jak

Tsohon Ticha:
Kun gani? Ejan da kansa ya rubuta "guda uku masu zuwa da komawa", kalma shida. Da saukatashi ne sai ya ce saukatashi uku, ya huta.

Ejan Din Tikiti:
Wannan kam gaskiya ne Malam, nan gurbi yana da rauni, sai an ce tagwayen gurbi ko a yi bayani.

Yar Gidan Rediyo:
Na fito. Abin da nayi, a farko nace "gurbin sauka da tashi, wato lokacin da aka kebe wa kamfani a filin jirgi", na kawo misalin rumfar kasuwa, daga nan nayi ta cewa gurbi, jam'i gurabe. Wajen Oman Air nace gurabe biyu, na sauka da na tashi. Edita bai ja layi ba. Baba kayi hakuri na gwada saukatashi a bakina kafin a kunna na'ura, mai hada sauti ya leko yace me kika ce.

Na Damagaram:
Nan da shekara silot za ku ji a bakin yan tikiti, ku rubuta ku ajiye.

Tsohon Ticha:
Gurbin sauka da tashi ai saukatashi ce aka sa wa riga, kalma huɗu a inda ɗaya ta isa. Ban yarda ba amma an riga an watsa. In za ki sa rubutun a shafinku, "keɓe" da ɓa mai lanƙwasa ake rubutawa.