Neman shawara: Kano zuwa Bauchi a kan mashin, karon farko

Assalamu alaikum 'yan uwa. Za a ɗaura auren abokina a Bauchi ranar Asabar, ni kuma zuciyata ta raya mini in tafi a kan mashin ɗina. Boxer ne, wata takwas da saye. Mafi nisan da na taɓa yi da shi Bichi ne, na kai wa gwaggona saƙo na juyo. Niyyata in kama hanya ranar Juma'a da an sauko daga masallaci. Ba kuɗin mota na rasa ba, sha'awa ce kawai ta daɗe tana cina. Waɗanda suka san hanyar, me zan tanada?

Ɗan Ningi: Wa alaikumus salam. Hanyarmu ce. Daga Kano sai Wudil, Kwanar Huguma, Birnin Kudu, a Babaldu ka karya ka nufi Ningi, daga nan Kafin Madaki, sai Bauchi. Wajen kilomita 300 ne. Amma ranar da ka zaɓa ba ta yi ba. Juma'a kasuwar shanun Wudil ke ci, manyan motoci ne birjik har bakin gada. Kuma wanda ya tashi ƙarfe uku a kan Boxer, a ina magariba za ta same shi? Tsakanin Birnin Kudu da Ningi, inda sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga mai faci ba. Ka tashi Alhamis.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Ƙanena, injin ba zai ba ka kunya ba in kai ba ka ba shi ba. Kwana biyu kafin tafiya ka juye baƙin mai, a ɗaure cen a shafa masa mai, a duba birki gaba da baya. Na ce kwana biyu don ka zagaya da shi cikin gari tukuna. In an bar wani noti a kwance, gara ya nuna kansa a Zoo Road da ya nuna a daji. Ka riƙe falogi sabo, tub ɗaya, wayar kuloci, sifana 10, 12 da 14, da ƙaramin famfo. Wayar kulocin nan kada ka raina ta, ba ta da tsada, amma ta sha tsayar da mutum a inda ko ruwan sha babu. Injin iska ce ke sanyaya shi, kada ka murɗe totur ka bar shi a haka awa guda. Ka tsaya a sittin zuwa saba'in.

Mai neman shawara: Oga, sittin? To sai yaushe zan isa?

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Ka lissafa awa shida, har da hutu da cin abinci. Ka bar gida bakwai, ka yi azahar a Ningi ko ma a Bauchi. Gaggawar me kake yi, kai ne angon?

Hajiyar Gwammaja: Ɗana, ni tambayata ɗaya ce: mahaifiyarka ta sani? In ba ta amince ba, tashar mota ba ta ƙaura ba.

Tsohon ɗan acaɓa: Hajiya ta yi gaskiya, a fara da can. Ni na yi irin wannan tafiyar bayan an hana acaɓa a Kano a 2013, lokacin da na kai mashin ɗina gida. Abin da ban taɓa zato ba shi ne iskar tirela. In ta taho ta gabanka, sai ka ji kamar an bangaje ka da kafaɗa. In ta wuce ka ta baya kuma, sai ta nemi ta zuƙe ka zuwa gindinta. Da ka hango ta a madubi, sassauta, ka raɓe gefe, ka riƙe kan da kyau, ka bar ta ta wuce. Kada ka bi bayan babbar mota kurkusa: ita za ta haye rami ba ta ji ba, kai sai ka gan shi yana gaban tayarka.

Sai sanyi. Yanzu hunturu ne, ni da riga ɗaya na fita don na ga rana ta fito. Kafin in kai Wudil yatsuna sun ƙage, na ja birki na ji hannun kamar ba nawa ba. Sai da na zauna wurin mai shayi na rungume kofi da hannu biyu, shi kuma yana ta yi mini dariya. Ka sa safar hannu, rigar sanyi mai kauri, takalmi sau-ciki, da hular kwano mai gilashi saboda ƙura da ƙwari. In hazo ya yi yawa, jira gari ya waye sosai, ka kunna fitila ko da rana ne. Duk bayan awa ɗaya da rabi ka sauka ka miƙe ƙafa, ko ba ka ji gajiya ba, don gyangyaɗi a kan mashin ba ya sallama.

Ɗan Ningi: Na manta, takardun mashin da lasin su zauna a aljihun gaba, akwai shingaye a hanya. Ka cika tanki a Kano, ka ƙara a Birnin Kudu ko da bai yi rabi ba. Akuyoyin bakin ƙauyuka kuma ba su san hon ba.

Mai neman shawara: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na faɗa wa Umma ɗazu. Ta yi shiru, can ta ce in kira ta a Wudil, in kira ta a Birnin Kudu, in kira ta a Ningi. Na mayar da tafiyar Alhamis. Oga, gobe da safe zan kawo maka shi, birkin bayan ya ɗan yi laushi.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Ka zo kafin tara. Ka taho da madubin hagun da na san ka cire.