Neman shawara: sauran noti 4 sun kafe a filanji

Assalamu alaikum. Fita ne ni, mai haɗa bututu da injuna, a wata masana'anta a Idu, nan Abuja. An sa mu canza gaskit (abin da ake sawa a mahaɗa don hana yoyo) na wani bututun ruwan zafi; filanjin, wato bakin da ke haɗa bututu biyu, mai noti 16 ne. Oga ya yi hayar sifanar haidirolik, irin wadda matsin man famfonta ke kaiwa bar 700. Jiya na kwance noti 12 na zare su gaba ɗaya, sauran 4 suka kafe, allurar geji har ta kusa ƙurewa. Na dakata. In ƙara wa sifanar ƙarfi ne ko yaya?

Tsohon Fita: Wa alaikumus salam. Yaro, gara da ka tsaya. Nauyin da noti 16 ke ɗauka ka jibga wa 4, ina za su motsa? Mayar da waɗanda ka cire, ka ɗaure su har su karɓi kaya. Sannan ka bi su a gicciye, wannan da na daura da shi, kowanne ɗan juyi kaɗan, zagaye bayan zagaye. Kada ka zare ko ɗaya sai bakin filanjin ya buɗe ka ga ba abin da ke fitowa. Ka fara sassautawa daga can nesa da kai, in akwai ragowar ruwa ya fesa can, ba fuskarka ba. Wai ma kun zuƙe ruwan da ke cikin bututun?

Mai tambaya: Baba, mun rufe bawul.

Tsohon Fita: Rufewa kawai? Bawul na yoyo. A sa masa kwaɗo, makulli a aljihunka, a buɗe magudana, bututun ya huce.

Injiniya: Ƙari kan maganar Baba: kwance noti mai tsatsa kan ci kusan ninki biyu na ƙarfin da aka ɗaure shi. Fesa man cin tsatsa ya kwana. In har yanzu ya ƙi, nemo babbar sifana ko injin tsaga noti. Hannunka kuma ya nisanci ƙafar da sifanar ke dogarawa, nan take datse yatsa. Mai riƙe famfo kada ya danna sai ka ce masa.

Walda daga Dei-Dei: Kada ka shafa tiyon famfon sifanar da hannu wajen neman yoyo. Man haidirolik ɗin na huda fata kamar allura, kuma in ya shiga, asibiti nan take ko ciwon bai kai ƙwayar gero ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Da safe zan mayar da notin.