Da me ake gane mai nutso ya shiga matsala a ƙarƙashin ruwa?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum. Ina koyon nutso da tukunyar iska, kuma malaminmu yana yawan nanata cewa kowa shi ne mai tsaron abokin nutsonsa. Tun da ba a magana a ƙarƙashin ruwa, da me zan gane abokina ya shiga wahala kafin abin ya yi nisa?

Dattijon Teku:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ka fara da idanu da kumfa. Mutumin da tsoro ya kama, za ka ga idanunsa a zare cikin gilashin fuska, kumfar numfashinsa tana fita ba ƙaƙƙautawa, ya miƙe tsaye cikin ruwa yana dama shi da hannuwa maimakon ya kwanta ya tafi da ƙafa. Idan ka haɗa babban yatsa da manuni kana tambayar lafiya bai mayar maka ba, to, ka ɗauka babu lafiya. Abin da na fi jin tsoro shi ne ya tofar da abin shaƙar iska ya zabura sama yana riƙe da numfashi, domin daga zurfin mita 10 zuwa saman ruwa iskar da ke huhu tana ninkawa biyu, tana iya fasa shi. Ka matso gabansa, ku haɗa ido, ka nuna masa ya sassauta numfashi, sannan ku hau a hankali.

Malamar Ninƙaya:
Baba ya yi gaskiya. Zan ƙara da cewa wani ba ya firgita, shiru kawai yake yi. Daga wajen mita 30 iskar naitirojin tana iya juya hankali kamar maye, sai ka ga mutum yana kallon agogonsa bai fahimci komai ba, kuma hawa kaɗan yakan warware masa.

Ma'aikacin Jinya:
Ɗan'uwa, kada ka sauke ido bayan kun fito. Ciwon gaɓoɓi, mutuwar wani sashe na jiki, jiri, ƙuraje ko gajiyar da ta wuce kima suna iya bayyana bayan sa'o'i, kuma masu nutso da yawa sukan ɓoye su saboda kunya. Idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu a jikin abokinka, a kwantar da shi, a ba shi tsantsar iskar oksijin, a kira masu agajin gaggawa ko layin wayar DAN, ƙungiyar da ke ba da agajin lafiya ga masu nutso, kuma kada a mayar da shi cikin ruwa da sunan magani.